Jar Fitila Cikin Bango

Tun da labari ya bazu cewa na daina fita aiki, 'yan mata suke ta zarya gidan Kawu Yohanna a Funtua, kowace da takardar gama sakandare a hannu. Ina jin su ta bayan labule. "Kawu, ai mu ma za mu iya. Ba shiga ɗaki ne kawai a kalli fitila a fito ba?" Wata ma cewa ta yi aikin ya fi na ofis daɗi, tunda ba mai tsaya maka a ka. Ban fito na ba su amsa ba, don in na fara maganar da baki, muryata ba ta kai ni ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda take son aikin ta karanta tukuna.

Kawu Yohanna yayan mahaifiyata ne. Ya daɗe yana gyaran ƙarafa a wurin 'yan jirgin ƙasa, kuma a can ya ga yadda ake sa wa gada da manyan ɗakunan ajiya abin da zai nuna in nauyi ya fara fin ƙarfinsu. Da ya bar aiki sai ya haɗa nasa da hannunsa, ya sa masa suna fitilar nauyi. Ba wata abar kallo ba ce. Guntun bututun ƙarfe ne mai kauri, bai fi gwangwanin madara girma ba. A cikinsa akwai sifirin na sirdin keke, da falle biyu na tagulla waɗanda ba sa taɓa juna, da batir irin na tocila, da ɗan ƙwan fitila a baki. A sama kuma akwai wani kai kamar na ƙusa. Sai a haƙa alkuki a bango daidai ƙirjin mutum, a zaunar da ita a ciki, a tsayar da siririyar sandar ƙarfe daga kanta har ta taɓa azarar da take ɗauke da rufi. Muddin azara tana inda magini ya bar ta, fitila ba ta ci. Ranar da ta sauko, ko da kaurin farce ne, sanda ta danna kai, tagulla ta haɗu da 'yar'uwarta, ƙwai ya kama. Shi ke nan aikinta. Ba ta gyara gini, ba ta riƙe shi. Faɗa kawai take yi.

Na shiga aikin ne don idon Kawu ya fara gajiya, ni kuma na gama makaranta ina zaune. Aikin farko da ya ba ni shi ne shafa wa ƙwayaye jan farce, don kada a ɗauki haskensu a matsayin rana ce ta leƙo ta wata kafa. Na yi ta dariya, na ce ashe abin da boko ya kai ni ke nan, ina yi wa fitila kwalliya. Bai yi dariyar ba. Daga nan ya koya mini saita tagulla. Tazarar da ke tsakanin fallayen nan biyu kaurin reza ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. In ta yi kusa, mota ta wuce a titi sai fitila ta kama, ka tayar wa mutane hankali a banza, gobe ba mai yarda da kai. In ta yi nisa, sai rufi ya kusa iso ƙasa kafin ta yi magana. Na ɓata reza ba adadi, na yanke a yatsu har na daina kulawa. Ya koya mini narka dalma a kan garwashi, da gwada batir da harshe, da ƙwanƙwasa azara da bayan filaya don a ji ko gara ta cinye cikinta. Lafiyayyar azara takan amsa da murya. Wadda gara ta ci kuwa kamar ka bugi matashin kai.

Duk wannan yaro ma zai iya koya. Abin da ya sa Kawu yake neman mutum shi ne dubawa. Ƙwan nan ƙarami ne, an shafe shi da ja, kuma in tagulla ta fara taɓawa sama-sama ba ya kamawa sosai, sai dai ya yi kamar garwashi cikin toka. A haske ba a ganinsa. Gini kuma da zafin rana ya fi motsi. To dole a shiga da tsakar rana, a sa a rufe ƙofa da tagogi, a toshe kafofi da tsumma, a tsaya cikin duhu har ido ya saba. Masu ɗakunan ba sa yi. Kowa yakan ce gobe. Na daɗe kafin na gane dalili: ɗakin da ake zargin zai faɗi, shi za ki shiga ki sa a rufe ki a ciki.

Shigata ta farko ni kaɗai a wani siton auduga ce kusa da tasha. 'Yan dako suna ta tsiya a bakin ƙofa. Wani ya ce, "Malama, in kin haɗu da mutanen ɓoye a ciki ki ce muna gaisuwa." Wani ya ce, "Ka bar ta, ai ita ce ke karɓar musu haraji." Suka ja ƙofa. Hayaniyar tasha ta ɗauke kamar an zuba mata ruwa. Na tsaya inda Kawu ya ce, bayana jingine da ƙyaure. A nan na san gini yana da murya. Kwano yana ƙas-ƙas don zafi, katako yana nishi, ɓeraye suna gudu cikin buhuna. Can sai na fara ganin jajayen ɗigo ko'ina, a sama, a ƙasa, a gabana. Na buga ƙofa na fito ina cewa duk sun kama. Kawu yana zaune a inuwa, ko tashi bai yi ba.

"'Yar nan, da kika juya kai, sun bi ki?"

Na ce sun bi ni.

"To na idonki ne. Ido in ya rasa abin gani yakan ƙirƙiro nasa. Ta gaskiya ba ta bin kowa, inda take nan take tsayawa. Koma."

Na koma. Ranar ba wadda ta kama.

A hanyar gida ya faɗa mini sauran, yana tuƙa babur ina bayansa. Ya ce in ta yi garwashi, a rage kaya a kira magini. In ta kama sosai ta tsaya cik, a tokare rufin a ranar, kada a kwana. "In kuwa kika ga tana ƙyaftawa, gini ne yake tafiya. Kada ki ruga, kada ki buga ƙofa da ƙarfi. Ki fita kamar kina tsallake mai barci."

Masu kiranmu kala-kala ne. Akwai masu siton hatsi da na auduga, akwai masu tsofaffin soraye da zaurukan da kakanni suka gina. Wani yakan kira mu don ya taɓa tono mutum daga ƙarƙashin rufi. Wani kuwa don ya ga maƙwabcinsa ya sa, kada a ce an fi shi. Akwai wani Alhaji Mamman a Danja, mai siton dawa, mutum mai barkwanci. Wata rana na fito daga sitonsa na ce ta kusurwar yamma tana garwashi. Ya dube ni, ya dubi Kawu.

"Malam Yohanna, 'yarka ta ce dawata ta yi wa ɗakina nauyi. To da ma don a ajiye iska na gina shi?"

Kawu ya nuna masa yadda buhunan da aka jingina suke tura bango waje, azara tana bin bangon tana saukowa. Alhaji ya yi ta mita, amma ya sa aka janye buhunan aka kira magini. Da na dawo zagaye na gaba, na shiga na tsaya, duhu tsit, ba ko ɗigo. Har na ji daɗi. Da na zo canza batir, na buɗe na tarar da cikinta wayam. A waje kuwa rediyon maigadi tana ta waƙa.

"Baba, ina batir ɗin fitilar nan?"

"Ai na ga ba ta ci ne, Malama. Na ce batir yana ta zaman banza, ni kuwa ina nan ba labarai."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Ranar na gane duhu iri biyu ne a aikin nan. Akwai duhun gini lafiyayye, akwai duhun fitilar da ta mutu, kuma in kina tsaye a ciki kamarsu ɗaya.

Bara ita ce muguwar shekara. Kaya suka yi wuya a kasuwa, sabulu da madara da komai, batir kuwa in an samu tsoho ne wanda ya gaji a kan kanta, ki sa harshe ki ji ɗan tsami kaɗan kamar yana neman gafara. Damina kuma ta ƙi tafiya. Dawa ta fid da kai, ta nuna, ruwa bai daina ba. Manoma suna murna, rufin ƙasa kuwa bai sami ranar bushewa ba, ya yi ta shan ruwa yana ƙara nauyi. A tsakiyar haka aka yi wa Kawu aikin ido, ya kwanta da bandeji. Zagayen duka ya dawo kaina, a motar haya da ƙafa. Wurin da ya kamata in leƙa duk wata sai ya ɗauki fiye da haka.

Akwai wata majami'a a wani ƙauye bayan Dayi, ba zan faɗi sunansa ba. Tsohon ginin ƙasa ne, na farkon waɗanda suka karɓi bishara a wurin, har 'yan'uwansu da suka tsaya kan addinin kakanni sai da suka taya su kwaɓa. Babbar azara ɗaya ce a tsakiya take ɗauke da sauran. Mun sa mata fitila ne saboda wata tsaga da ta taso daga ƙarƙashin azarar ta gangaro har taga. Makullin wurin yana hannun Inna Hannatu, shugabar matan zumunta, ƙawar marigayiya kakata. Tsohuwa ce mai ƙarfi da baki. Duk zuwana sai ta ce, "Ga 'yar boko mai gadin bango ta iso," sannan ta cika mini kwano da kunu.

Na isa ranar Asabar, washegari za a yi godiyar kaka. Tun daga hanya na ga majami'ar ta yi hula. Dammunan dawa ne jibge a kan rufi, tuli guda. A garin nan kowane gida yakan kawo damin farko na gonarsa ga Ubangiji, kuma damin Ubangiji ba ya taɓa ƙasa sai an yi masa addu'a. Shi ya sa ake ɗora su a sama. Kowace shekara haka ake yi, sai dai shekarar an yi amfani sosai, wasu gidajen har biyu-biyu suka kawo, kuma dawar ba ta gama bushewa ba. Ban taɓa zuwa garin a irin wannan makon ba. Kawu ma bai taɓa ba.

Mata suna ta hada-hada a fili, wasu suna shara, wasu suna gwada tulunan kiɗa. Mazaje duk suna gona, mai bishara ya tafi Malumfashi taryen baƙi. Inna Hannatu ta taho da jikanta goye a baya, hannuwanta fari fat har gwiwar hannu.

"'Yar boko, kin zo a daidai. Shigo ki ga aiki."

Na shiga. Ɗakin fari tas, sai ƙamshin danyar ƙasa. Na dubi inda tsagar take, babu. Na dubi inda sandar ƙarfe take, babu. Alkukin ma babu. Bango sumul daga sama har ƙasa.

"Inna, ina fitilar?"

"Tana nan lafiya lau, na rufe ta, sandar ma na yaɓe ta a tsaye inda take. Baƙi za su zo daga Malumfashi har da Funtua, su tarar da tsaga a ɗakin Ubangiji kamar bakin kada? Ga ƙarfe tsaye kamar garejin kawunki? Wa za a zaga, ba mu mata ba?" Ta ga fuskata, sai ta sassauta. "Kada ki damu, ban bar laka ta taɓa ta ba. Sai da na yaga tsohon farin ɗankwalina na liƙa a bakin ramin, sannan na shafa farar ƙasa sama-sama. Jibi in baƙi sun watse sai in ɓare mata."

"Tun yaushe take a rufe?"

"Tun kafin a fara ɗora dammuna. Ke dai yi abinki da sauri, muna so mu shiga gwajin waƙa."

Na ce su fita su rufe ni. Aka ja tagogi, aka ja ƙofa, wata yarinya ta cusa tsumma ta ƙasa. Ina jin su a waje, tulu yana bum-bum, wata tana ɗaga waƙa tana sakewa, yara suna guje-guje. A ciki sanyi, irin sanyin rijiya. Na jingina da ƙyaure na jira jajayen ɗigon idona su gama yawonsu.

Suka gama. Duhu ya zauna. Har na fara cewa a raina to, ko lafiya ko batir ne ya mutu, bari in nemi wuƙa in ɓare ƙyallen in gani. Sai na ga bangon ya yi wani ja-ja a wuri ɗaya, kamar fatar da aka mara. Na juya kai hagu. Bai bi ni ba. Na juya dama. Yana nan inda yake.

Ba ɗigo ba ne kamar yadda na saba gani. Hasken yana fitowa ne ta cikin ƙyalle da farar ƙasa, kuma inda yatsun Inna suka ja shafen ya fi siriri, nan ya fi ja. Abin da na gani hannu ne. Yatsu huɗu dogaye, jajaye, a cikin bango, kamar wani yana ciki ya dafa yana neman hanya. Ina kallo hannun ya dushe, ya dawo. Ya dushe, ya dawo. A saman kaina kuma wani abu yana zuba a hankali, sur-sur, kamar ana tankaɗe gari a ɗaki na kusa. Na ji shi a wuyana. Sai hannun ya ɗauke gaba ɗaya, bai dawo ba.

Ban ruga ba. Wannan dai na yi shi daidai. Na ja ƙofa a hankali na fita na mayar da ita, na tsaya a gabanta. Matan har sun yi layi, tuluna a kafaɗa, yara a gaba.

Na ce, "Ba mai shiga."

Wata ta tuntsire da dariya. "Saratu, rana ce ta buge ki a mota?"

"Fitilar tana ƙyaftawa. Rufin yana saukowa. Ku ja baya, ku janye yara, a aika gona a kira maza."

"Rufin da ya ga aurena ya ga na 'yata?" in ji wata. "Yanzu da za a yi baƙi ne zai sauko?"

Inna Hannatu ba ta yi dariya ba. Ta matsar da ni gefe da hannu ɗaya, ta tura ƙofar ta buɗe wangale. Rana ta shiga. Bango fari, benci a jere, rufi yana inda yake. Ko ƙurar da na ji ba a gani, ta ɓace a kan sabon daɓe.

"Ina wutar?"

"Ta ɗauke, Inna. Ina tsaye ta ɗauke."

"To in ta ɗauke ai lafiya ke nan. Ba haka kawunki ya ce ba?"

"Ba kullum ba. Wataƙila batir ne ya ƙare, wataƙila azarar ce ta goce. Ko tana ci ma ba a ganinta in ƙofa tana buɗe. Sai an rufe."

Ta tsaya tana kallona. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Matan suna ta guna-guni a bayanta, wata tana cewa rana tana yi, waƙoƙi uku ba a gwada ba, gobe za a ji kunya gaban mutanen birni. Sai Inna ta kwance goyo, ta juyo da jikan ta ɗora mini a ƙirji.

"Riƙe mini wannan. Ni na yaɓe ta, ni zan duba. Ku kuma kada wadda ta matso sai na fito. Kun ji ni ko?"

Na ce, "Inna, don Allah kada ki shiga." Hannuwana biyu suna riƙe da yaro, yana ta zillo. Ta ce, "Ke da kika shiga ba ga ki nan ba?" Ta shiga, ta ja ƙofa da kanta.

Aka daina kiɗa. Muka ja baya zuwa gindin wata ɗorawa da ke filin, ni ce ta gaba. Muna jin muryarta ta cikin ƙyaure, kamar daga ƙasan tulu.

"Ni ban ga komai ba, sai duhu kamar cikin akuya. 'Yar boko, kin tsorata mu a banza."

Wasu suka yi dariya. Na ce, "To fito, Inna."

Ƙofa ba ta motsa ba.

"Ke, tsaya," in ji ta daga ciki. "Kai! Saratu, ashe da gaskiyarki. Ga hannuna nan a bango."

"Fito, Inna! A hankali, kada ki ruga!"

"Ina zuwa. Kada kowa ya shigo. Bari in ciro wa Yohanna abinsa, kada ya ce tsohuwa ta ɓata masa kaya."

Na buɗe baki in ce ta bar ta. Ban sani ba ko na faɗa.

Mutane suna tambayata ƙarar, suna tsammani kamar tsawa ce. Ba haka ba ne. Kamar babbar saniya ce ta kwanta. Ƙasa ta motsa a tafin ƙafata sau ɗaya. Bangaye huɗu suna tsaye, fari tas, ƙofa a rufe yadda ta bar ta. Da baƙo zai iso a lokacin, da ya ce majami'a tana nan lafiya. Sai dai hular nan ta dammuna babu ita, sama kawai ake gani a wurin. Can sai tsumman da aka cusa a ƙasan ƙofa ya turo waje shi kaɗai, ƙura ta biyo shi a hankali, tana rarrafe a ƙasa ta nufo mu.

Daga nan ne aka fara kururuwa.

Maza suka sheƙo daga gona da fartanya da galma, na majami'a da waɗanda ba na majami'a ba. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, ƙasa ta danne ta daga ciki. Aka hau bango aka leƙa: tulin ƙasa da zangarniyar dawa da karyayyun azara, cike da ɗaki. Ba wanda ya san inda za a fara, kuma kowane wuri aka taka sai ya ƙara zama. Ana ta kiran sunanta, ba amsa. Wani dattijo ya ce a bari a yi tunani, kada a tono gabas tana yamma.

Ban san wadda ta karɓi yaron daga hannuna ba. Na zagaya wajen tagar da ke kusa da alkuki, na sa aka ɓalle ƙyaurenta. A ciki wasu azara sun jingina da bango sun bar ɗan rami a ƙarƙashinsu. Na ce mata biyu su kwance mayafi su rufe ni da tagar gaba ɗaya. Na cusa kaina cikin ramin na jira. Ƙura tana shiga mini hanci, azara tana nishi dab da kunnena. Da idona ya saba sai na gan ta, can ƙasa ta hannun dama, ja, ba ta ƙyaftawa. Na fito na nuna musu wurin.

Da hannu aka tona, ba a yarda a sa ƙarfe ba. Aka yi ta kwashe dawa ana miƙawa baya, ba wanda ya kula ko ta taɓa ƙasa. Aka fara ganin zanenta. Tana kwance rigingine, ta rungume fitilar a ƙirji da hannu biyu, babbar azarar ta sauko daidai kan fitilar ta danne su tare. Ƙyallen yana naɗe a yatsunta. A inuwar ramin kowa yana ganin ɗan jan hasken a kan haɓarta. Maza suka jeru, suka sa kafaɗa, wani ya ba da murya, suka ɗaga. Azarar tana barin wurin, fitilar ta mutu. Mai bishara bai dawo ba, sai dattijon nan ne ya durƙusa ya kira sunanta, ya sake kira, sannan ya cire hularsa.

Baƙin da suka zo godiyar kaka jana'iza suka tarar. A gindin ɗorawa aka yi duka biyun.

Na koma na faɗa wa Kawu. Na tambaye shi ko cire fitilar da ta yi ne ya saki rufin. Ya ce siririyar sanda irin wannan ba ta riƙe ko ƙyauren kaji, rufin ya riga ya taho. Na tambaye shi me ya sa ta ɗauke a gabana ta kuma kama a gabanta. Ya ce gajiyayyen batir in ya huta yakan farfaɗo. Wataƙila haka ne. Shi ya san aikinsa.

Idonsa bai warke yadda aka so ba. Ni kuma tun ranar, ko ɗakin kwanana ba na yarda a ja mini ƙofa da rana. Na gwada komawa sau ɗaya, siton Alhaji Mamman. Na kai har bakin ƙofa, maigadi ya kama ƙyaure yana jirana in shiga, na ce masa na manta wani abu a mota.

Sauran fitilun da muka sa suna nan cikin bangayen mutane, daga Funtua zuwa Danja har bayan Dayi. Wata damina ta sake wucewa a kansu. Mutane suna shiga suna fita a ƙarƙashinsu, ƙofofi a buɗe, rana tana haskawa. Ba wanda ya shiga ya rufe ya duba, kuma ban san wadda take ci a cikinsu yanzu ba.